SANYIN HUNTURU DA TSADAR MAKAMASHI: YADDA ZA A KULA DA MANYA MASU RAUNIN FAHIMTA

GABATARWA

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, manoma suka shiga kawar da amfanin gona, sai iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas. Mai hali yakan fito da bargo da rigar sanyi, ya sayi itace ya jibge. Marar hali yakan lallaɓa da abin da ya samu. Amma akwai wasu 'yan'uwanmu da sanyi kan same su ba su da bakin faɗa, ba su kuma da dabarar kare kansu. Su ne manya, maza da mata, waɗanda Allah ya halitta da raunin fahimta.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a ko su wane ne waɗannan bayin Allah, da dalilin da ya sa sanyi da tsadar abin hura wuta suka fi yi musu illa, da kuma abin da ya kamata iyali da maƙwabta da hukuma su yi. Mun ɗauki garin Adogi na Ƙaramar Hukumar Lafiya a Jihar Nasarawa don ya zama misali, amma bayanin ya shafi kowane gari da ƙauye inda hunturu ke sauka. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

SU WANE NE MASU RAUNIN FAHIMTA?

Mai raunin fahimta shi ne mutumin da ƙwaƙwalwarsa ba ta samu cikakken ginuwa ba tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a ƙuruciya. Saboda haka yakan daɗe kafin ya koyi abin da tsaransa suka koya cikin sauri, kamar magana, ƙirga kuɗi, sanin lokaci, da gane abin da ke da haɗari. Raunin hawa-hawa ne. Wani yana noma, yana aure, sai dai a taimaka masa da lissafi. Wani kuwa sai an yi masa wanka an ba shi abinci a baki. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin kowane 100 yana da wannan lalura. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu irinsu.

Lalle ne a rarrabe tsakanin wannan da taɓin hankali. Taɓin hankali ciwo ne da kan kama mutum bayan ya girma da wayonsa, sau da yawa kuma yakan lafa in an sha magani. Raunin fahimta kuwa yanayi ne da mutum ke tashi da shi, yana tare da shi har tsufa, ko da yake horo da haƙuri suna ƙara masa iyawa ƙwarai.

Abubuwan da ke kawo shi sanannu ne ga likitoci. Akwai doguwar naƙuda wadda ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri. Akwai shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau kai. Akwai rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, abin da ya sa tun 1993 Gwamnatin Tarayya ta wajabta a riƙa sa shi cikin gishiri. Akwai gubar dalma, irin wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ta kuma bar wasu da rauni a ƙwaƙwalwa. Sa'an nan akwai lalurar Down, wadda ta samo sunanta daga wani likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866, wadda kuma akan haifi kamar jariri 1 cikin 1,000 da ita a ko'ina cikin duniya. Ba aikin maita ba ne, ba kuwa laifin uwa ba. Don haka sunayen da akan laƙaba musu, irin su dolo da gaɓo da ɗan ruwa, ba su dace da bakin mai mutunci ba. Kowannensu yana da sunan da aka raɗa masa ran suna, da shi ya kamata a kira shi.

MENE NE TALAUCIN MAKAMASHI?

Makamashi shi ne duk abin da ake ƙonawa ko kunnawa don a dafa abinci, a ɗumama ruwa, a ji ɗumi, ko a sami haske: itace, gawayi, kara, kananzir, gas da lantarki. Idan gida ya kasa samun wanda zai ishe shi, ko kuwa sayensa ya cinye kuɗin abinci da na magani, to wannan gida yana cikin talaucin makamashi.

A ƙasar Ingila, inda sanyi kan kashe tsofaffi a cikin ɗakunansu, aka fara auna wannan matsala. A 1991 wata masaniya mai suna Brenda Boardman ta fitar da ma'aunin da ya shahara, watau duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu kafin ya wadatu da makamashi, ya shiga wannan talauci. Mu gwada ma'aunin a gida. Misali, a ce magidanci yana samun N60,000 a wata, yana kashe N300 kullum wajen itace. A wata ya kashe N9,000, watau kashi 15 cikin 100. Ya riga ya haye ma'aunin tun bai sayi kananzir na fitila ba, tun hunturu bai sa an ƙara wutar ɗumama ruwa ba.

Fiye da rabin gidajen Nijeriya da itace ko gawayi suke girki, a karkara kuwa kusan kowa. An janye tallafin kananzir a watan Janairu na 2016, kuma a 2023 lita ɗaya ta haura N1,000. Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, ya ja kuɗin duk wani kaya da ake ɗaukowa a mota. A 2024 cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura N15,000, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka tsayar a wannan shekara. Da gas da kananzir suka gagari mutanen birni, sai da yawansu suka koma ga gawayi. Motoci suka riƙa kwasar buhunan gawayi daga ƙauyuka zuwa Lafiya da Abuja, kirya da kaɗanya suka yi ta faɗuwa. Sakamakon haka itacen da dā ake tsinta a bayan gari ya yi nisa, wanda ake saye kuma ya yi tsada. Mutumin ƙauye ya shiga gasar farashi da mutumin birni a kan itacen dajin ƙauyensu.

HUNTURU A ƘASAR LAFIYA

Adogi gari ne na manoma a ƙasar Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996. Ƙasa ce ta doya da rogo da riɗi da shinkafa, inda kabilu da yawa ke zaune tare, Musulmi da Kirista, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa.

Wani zai ce, ai ƙasar Lafiya ƙasar zafi ce, ina ita ina maganar sanyi? Gaskiya ne sanyinta bai kai na Jos ko na Kano ba. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da iska ke ɗauko ƙura daga hamadar Chadi, rana takan yi zafi, dare kuwa ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, sanyin ya fi tsanani daga tsakar dare zuwa asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin gidaje da ta fitar a 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin ɗaki ya gaza digiri 18 a ƙasashen sanyi, ta kuma ce marasa lafiya da tsofaffi suna iya bukatar fiye da haka. A can kuwa mutane na kwana bisa katifa cikin barguna. A nan gidajenmu don zafi aka gina su. Rufin kwano marar silin yakan saki zafinsa da zarar rana ta faɗi, daɓen siminti kuma yakan tsotse ɗumin jikin wanda ya kwanta a kansa da tabarma ɗaya. Ɗakin laka mai jinka ya fi riƙe ɗumi, amma shi kuma ya fi saurin kama wuta.

DALILIN DA SANYI YA FI CUTAR DA SU

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, yaya ke nan idan mai ɗakin ba ya iya faɗa? Nan ne tushen matsalar. Da yawa daga masu raunin fahimta ba sa iya cewa suna jin sanyi, ko su danganta rawar ɗari da bukatar ƙara tufafi. Wani zai kwana da rigar da ta jiƙe tun wajen ɗiban ruwa da yamma. Wani yana fitsarin kwance, ya kwana cikin laima har gari ya waye, ga iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Na biyu, jikinsu sau da yawa ba shi da ƙarfin jure sanyi. Kusan rabin waɗanda aka haifa da lalurar Down suna zuwa da matsalar zuciya, kuma ciwon ƙirji ya fi saurin kama su. Da yawansu halittar nan ta wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ba ta aiki sosai, wannan kuwa yana sa jin sanyi da kasala. Wasu magungunan da ake ba su don kwantar da hankali suna rage wa jiki ikon daidaita ɗuminsa. Wanda ba ya cin abinci ya ƙoshi kuwa, jikinsa ba shi da abin da zai ƙona ya ji ɗumi.

Na uku shi ne matsayinsu a cikin gida. Muddin uwa na da rai, ita ce ke tashi cikin dare ta rufe ɗanta, ko da ya yi furfura. Ran da ta kwanta dama, sai riƙonsa ya koma hannun ƙane ko ɗan'uwa mai nasa iyali da nasa nauyi. Sau da yawa akan mayar da shi zaure, ko ɗakin ajiya, ko wani kango a ƙarshen gida wanda ƙofarsa buhu ne. Idan itace ya yi ƙaranci, ruwan zafi na maigida ne da jarirai, shi kuwa sai ruwan randa, ko ya bar wankan har ƙazuwa ta kama shi. Idan an rage girki daga sau uku zuwa sau ɗaya, shi ke samun sanyayyen tuwon jiya. Ba lalle mugunta ce ke kawo haka ba, yawanci talauci ne da mantuwa. Amma sanyi bai san uzuri ba.

Na huɗu, ba su da kuɗin kansu. Wanda ke aikin ƙarfi a kasuwa akan biya shi abin da aka ga dama, in an aike shi sayen itace a tauye masa canji. Abin takaici, sau da yawa shi ne ake turawa daji yo itace, ya ɗauko a ka tun daga nesa, amma wutar da aka hura da shi ba ta isa ɗakinsa.

Sanyi da kansa ba shi ne ƙwayar cutar nimoniya ba. Sai dai busasshiyar iska da ƙura da hayaƙi suna raunana hanyoyin numfashi, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Wani bincike da Jami'ar Bristol ta Ingila ta fitar a 2013 ya gano cewa maza masu raunin fahimta suna mutuwa shekara 13 kafin sauran maza, mata kuwa shekara 20 kafin sauran mata, kuma ciwon ƙirji na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Binciken ya nuna jinkirin gane ciwo da jinkirin magani suna da hannu a ciki ƙwarai. Idan haka ta faru a ƙasar da asibiti ke kusa da kowa, sai mu ƙara sa ido a namu gidajen.

HAƊARIN WUTA DA HAYAƘI

Maganin sanyi da aka saba da shi shi ne a kai kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Wannan al'ada ta hallaka mutane masu yawa, kuma ta fi haɗari ga wanda ke kwana shi kaɗai ba ya gane alamar haɗari.

Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 ko fiye, saboda haka takan kore ta daga jini. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, daga nan sai suma da mutuwa. Irin wannan iska ce ke fita daga injin janareto, shi ya sa ake samun iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Hayaƙin itace kuma, ko bai kashe nan take ba, yana cin huhu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Haɗari na biyu ƙuna ce. Kusan mutum 1 cikin 5 na masu raunin fahimta yana da farfaɗiya. Idan ta tashi yana zaune gaban wuta, cikinta zai faɗa, ba zai kuma iya janye jikinsa ba. Abin da ke ƙara muni shi ne camfin da ke cewa wai ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa mai ita, har mutane su ja da baya suna kallo yana ƙonewa. Jama'a su sani farfaɗiya ba a ɗaukarta ta kowace hanya. Wanda ya ga mai farfaɗiya ya faɗi kusa da wuta, ya janye shi nan da nan.

ABIN DA IYALI ZA SU YI

Yawancin abin da ake bukata bai kai kuɗin buhun gawayi ɗaya ba. Ga su:

1. Tun watan Nuwamba maigida ya shiga ɗakin da kansa, da dare, ya tsaya ya ji ta inda iska ke shigowa. A lisƙe tsagar bango da laka, a sa ƙofa ta gaske, a rataya asabari ko tsohon bargo a bayanta. A bar 'yar kafa a sama don iska ta riƙa sauyawa.

2. Kada ya kwana a daɓe. In babu gado, a shimfiɗa kwali ko buhunan da aka cusa wa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, a ɗora tabarma a kai. Abin da ke ƙarƙashin mai barci ya kai abin da ke samansa muhimmanci.

3. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A tanadi hula da safa. Rigar sanyi ta gwanjo ta wadatar, sai dai a lura yadin roba yana narkewa ya manne a fata idan ya kama wuta.

4. Mai fitsarin kwance a shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane, a ajiye busasshen zane na canji, a shanya shimfiɗar kowace safiya. Faɗa da duka ba sa hana fitsarin kwance.

5. A ciyar da shi abinci mai zafi da dare, a ba shi kunu ko koko da safe. Wanka a bari sai rana ta ɗaga. Ruwan da aka ajiye a rana cikin baƙin bokiti tun hantsi yakan yi ɗumi ba tare da an ƙona ko kara ɗaya ba. Bayan wanka a shafa masa man kaɗanya saboda kaushi da faso.

6. Kada a bar garwashi ko kyandir ko aci-bal-bal a ɗakinsa ya kwana da su. In za a ɗumama ɗakin, a yi tun yana waje, a fitar da kaskon, a bar ƙofa buɗe na ɗan lokaci, sa'an nan ya shiga. Fitila mai batir ko mai cajin rana ita ta dace da shi.

7. In da hali ya kwana ɗaki ɗaya da wani ɗan'uwa, namiji da namiji, mace da mace. Kada a kulle shi ta waje, kada a ɗaure shi, domin in gobara ta tashi ba shi da mafita.

8. A sa mutum ɗaya takamaimai wanda zai duba shi kafin barci da kuma da asuba. A sa hannu a taɓa ƙirjinsa ko bayansa. In an ji sanyi, to yana jin sanyi, ko da ya ce lafiya lau.

9. A koya masa abin da zai iya. A nuna masa a aikace, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita kullum: ga rigar dare, ga inda ake tsayawa nesa da murhu, ga wanda za ka kira. A tambaye shi abin da yake so, domin babba ne, yana da ra'ayinsa.

10. Kada a tura mace mai raunin fahimta daji yo itace ita kaɗai. Miyagu sun san ba za ta iya ba da labari ba.

TATTALIN ITACE

Abin da aka rage wajen girki shi zai isa a ɗumama wa mai rauni ruwa. Murhun duwatsu uku yana zubar da yawancin zafinsa a iska. Murhun laka mai kewaye, wanda mace za ta iya ginawa da yumɓu da ɓuntu, yana rage cin itace da hayaƙi, yana kuma kare wuta daga mai faɗuwa. A riƙa amfani da busasshen itace, a faskara shi ƙanana, a rufe tukunya. Wake a jiƙa shi tun dare. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a naɗe ta da tsumma, a sa cikin kwando mai ɓuntu a rufe, ta ƙarasa nuna da zafinta. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da karan dawa duk makamashi ne, haka ɓuntun da ke tsibi a injinan shinkafa na Lafiya, wanda ake iya curawa a yi gawayi da shi. Amma kada a hura wuta da leda ko roba ko tsohuwar taya, hayaƙinsu guba ne. Kada kuma a zuba kananzir a fitila ko risho suna ci, a guji wanda aka gauraya da fetur. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Girki Mai Tsabta, don a yaɗa ingantattun murhu da gas. Kafin su isa kowane ƙauye, wanda ya sare itace ɗaya ya dasa darbejiya ko malaina a madadinsa, a kuma ƙyale kaɗanya da ɗorawa.

TAIMAKON GAGGAWA

Idan sanyi ya shige shi: ɗumin jikin mutum digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 akwai haɗari. Alamu su ne rawar ɗari mai tsanani, magana na harɗewa, da barci marar dalili. A cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a naɗe shi har kai, a ba shi kunu mai ɗumi in yana iya haɗiya. Kada a kanga shi a wuta, kada a ba shi giya ko burukutu. A kai shi asibiti.

Idan hayaƙin gawayi ya buge shi: a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Idan ya ƙone: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki, kada a fasa ƙurjin.

Idan farfaɗiya ta tashi: a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafi kansa, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a gasa masa ƙafa. In ta wuce minti 5, asibiti.

Idan aka ga tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, ko ya ƙi abinci, ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, kada a ce halinsa ne. Sauyin hali sau da yawa shi ne yadda yake faɗin ciwo. Wanda ya fi saninsa ya raka shi ɗakin shan magani a ranar. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018. Dokar ta tanadi tarar N100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci, kamfani kuwa tarar N1,000,000. Ta ba mai naƙasar ƙwaƙwalwa haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta ce a fara sallamar naƙasassu a layi, ta kuma hana a yi bara da su. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Haka kuma a Janairu na 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A Lafiya akwai makarantar musamman ta yara masu naƙasa da aka buɗe a 2018.

Doka ba ta zuwa gida da ƙafarta. Wajibi ne iyali su kai sunan ɗan'uwansu ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, su nemi takardar shaidar naƙasa, su nemi a sa shi cikin rajistar mabukata da shirin inshorar lafiya na marasa galihu. Wanda aka ɓoye a ƙuryar gida ba ya shiga lissafin kowa.

KIRA GA SHUGABANNI DA JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su san adadin masu raunin fahimta da ke ƙasarsu, musamman waɗanda iyayensu suka rasu, su tabbata kowanne yana da wanda ke duba shi. Limamai da fastoci su tuna da su a huɗuba da wa'azi. Zakkar amfanin gona da baikon godiyar kaka na coci duk suna zuwa ne gab da hunturu, ya kamata a ware wani abu a sayi bargo da tabarma. Wanda ke riƙe da gadon mai rauni ya sani amana ce, Shari'a ta ɗora masa ciyar da shi da tufatar da shi daga dukiyar, ba ta ba shi ikon mayar da ita tasa ba. Ƙungiyoyin matasa suna iya ware yini ɗaya na gayya su gyara ɗakuna, matan adashi su gina wa juna murhun laka. Malaman asibiti da duba-gari su riƙa tambaya idan sun shiga gida: akwai wani da ke kwana shi kaɗai?

Ran 3 ga Disamba na kowace shekara ita ce Ranar Naƙasassu ta Duniya, ta kuma faɗo daidai shigowar sanyi. Muna ba da shawarar kowace unguwa, a Adogi da sauran garuruwan ƙasar nan, ta mai da ita ranar zagayawa gida-gida a duba ɗakunan waɗannan 'yan'uwa namu, a ga shimfiɗarsu da ƙofarsu da abin rufarsu, a gyara abin da ya lalace tun sanyi bai kankama ba.

Rigakafi ya fi magani. Idan ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa maƙwabcinka.